Wasiƙa Daga Khaibar Zuwa Ga Masu Wasan Yoyo



Ƙannena, daga Khaibar nake rubuto muku, garin dabino da baƙin dutse da ke arewa da Madina. Ina kallon bidiyonku a waya, ina jin daɗin ƙwazonku. Abu ɗaya ke damuna: kun bar tafin 'yan kallo yana zaɓa muku abin da za ku koya.

Ɗan kallo bai san bambancin wuya da kwalliya ba. Ku ɗaga zare a yatsu ya yi kusurwa uku, yoyo na lilo a tsakiya, sai wuri ya ɗauki sowa, alhali yaro mai natsuwa zai koyi wannan a yini guda. Haka ma gangara shi a ƙasa, abin da ake kira yawo da kare. To amma a ce mutum ya wurga shi gaba, ya dawo, ya sake fita bai taɓa tafin hannu ba, sau ashirin a jere. A ido ba komai ba ne. A hannu kuwa watanni ne na harɗewar zare da bugun yatsu. A gasar duniya ma, masu yin haka da hannu biyu rukuninsu daban ne, ana ce masa 2A.

Duk siddabarun nan kan jifa ɗaya ya dogara. Yoyon da Pedro Flores, mutumin Filifin, ya fara ƙerawa a Santa Barbara ta Amurka a 1928, maƙala zarensa aka yi a sandar tsakiya ba ƙulle shi ba, shi ya sa yake iya juyawa a ƙarshen zare kamar mai barci. Yau an sa masa boris, barcin ya ƙara tsawo, har yana rufa wa mai karkataccen jifa asiri. Ranar da ya ɗauki na katako, ranar asirin zai tonu.

A gonakin garin nan na gane haka. Baƙo, mai hawan dabino yake kallo, igiya a ƙugu, ƙasa can nesa, yana ta salati. Mai gona kuwa hankalinsa na kan wani aikin da ba a tafa masa. Idan kwanson furen macen dabino ya tsage, kwanaki kaɗan ne a sa mata furen namiji. Wanda ya makara, sai lokacin girbi ya tarar da 'ya'ya marasa ƙwallo, marasa daɗi. Ko da aka ci Khaibar a shekara ta 7 bayan Hijira, a hannun waɗanda suka san aikin Manzon Allah (SAW) ya bar gonakin, a kan rabin amfani.

Don haka, ƙannena, ku koma wa jifa. Kullum ku yi ta maimaita shi kuna lura: yoyon ya miƙe ko ya karkata? Ku fara da wanda ke dawowa da ɗan fizga. Ku warware murɗewar zare, ku canza shi kafin ya tsinke ya fasa bakin wani. In ƙaramin yaro ya tsaya baki buɗe yana kallonku, kada ku bar shi yana yi wa rogo kallon kitse. Ku gaya masa wanne ne mai sauƙi, ku koya masa nan take, sannan ku nuna masa wanda ya cinye muku watanni.

Allah Ya ƙara basira, Ya sa albarka a hannuwanku.

Wassalam,
Yayanku a Khaibar