Rikici Shi Ne Gishirin Gajeren Labari

Duk wanda ya saba karanta gajerun labaran da 'yan'uwa ɗalibai ke rubutawa zai lura da wata cuta guda da ta kama yawancinsu. Marubuci zai kawo mana marainiya mai ladabi, ya kawo kishiyar uwa mai baƙar zuciya, ya sa wannan ta gallaza wa waccan har shafi biyu, sa'an nan a layin ƙarshe muguwar ta haukace, a ce mana alhaki kwikwiyo ne. Mai karatu kuwa ya riga ya san ƙarshen tun daga layi na uku. A ra'ayina irin wannan labari babu rikici a cikinsa, ko da an cika shi da boka da zage-zage da gidan alƙali. Wahala ce kawai aka jera.

Bari mu rarrabe abubuwan nan biyu. Wahala takan faɗo wa mutum kamar ruwan ƙanƙara, ba shi da ta cewa sai haƙuri. Rikici kuwa a ƙagaggen labari shi ne tauraro ya so wani abu ƙwarai, wani abu ya tare masa hanya, har ya zama tilas ya yi zaɓi, kuma ko wanne ya zaɓa sai ya yi hasarar wani abu mai daraja a wurinsa. Marainiyar da ake duka tana kuka za ta ba mu tausayi. Amma ranar da ta sami damar tona asirin kishiyar uwarta, alhali ta san yin haka zai kashe auren ubanta da ta ke ƙauna, ran nan ne ta zama tauraruwa.

Magabatanmu a wannan fage sun gane haka. Cikin littattafan da suka fito bayan gasar da Dokta R. M. East ya shirya a Zariya a 1933 akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ruwan Bagaja labarin yawon duniya ne, yana da filin da Alhaji zai bi gari gari, shi da Malam Zurƙe suna ta yi wa juna ƙeta. Jiki Magayi kuwa a kan ƙulli guda ya tsaya. Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da Zainabu. Abubakar shi aka zalunta, mai karatu yana bayansa. Amma da ya tashi ramuwa sai ya sauke ta a kan Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Daga nan mai karatu ya rasa inda zai tsaya, kuma wannan rashin matsaya shi ke riƙe shi har ƙarshen littafin. Mai rubuta gajeren labari ya fi bukatar darasin littafi na biyu.

Dalili kuwa shi ne ƙarancin fili. Gasar Hikayata ta mata zalla, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ta sa mutane da yawa sun san cewa ana iya kammala labari cikin 'yan shafuka. Akwai ma wanda bai wuce shafi guda ba. A irin wannan ɗan ɗaki ba a shigo da dangi duka. Taurari biyu sun isa, uku sun yi yawa in ba da dalili ba. Ba a kuma fara labarin daga ranar suna, a bi ta makarantar allo, a zo jami'a. A fara a lokacin da tukunya ta riga ta tafasa.

Alal misali, ga wani saurayi sabon akawu a ma'aikata. Kawunsa, wanda ya sayar da gona ya biya masa kuɗin makaranta, ya zo ofis ya zauna, ya gaisa, ya ce takardar ɗansa ta neman aiki tana kan teburin nan, a taimaka a ɗora ta a sama. Takardar da ke sama kuwa ta wani ce da ya fi cancanta, ba shi da kowa. Babu mugu a nan. Kawu yana da gaskiyarsa, don zumunci hakki ne. Akawu ma yana da tasa, don amana hakki ce. Gaba kura baya sayaki. Marubuci ba ya bukatar ya ce mana saurayin ya shiga damuwa. Ya nuna shi yana buɗe fayil yana rufewa, yana sake tambayar lafiyar mutanen gida karo na uku, shayin da ya sayo wa kawu yana hucewa ba wanda ya taɓa.

Wannan ya kawo mu ga wata taska da marubutanmu ke sakaci da ita, watau kunya da kawaici. Bahaushe ba ya faɗa wa surukinsa magana gatsau, uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, amarya ba ta ɗaga ido gaban uwar miji. Saboda haka yaƙin da ya fi zafi a gidajenmu sau da yawa da gaisuwa ake yinsa. Marubucin da ya sa taurarinsa suna ta ɗaga murya kamar 'yan wasan kwaikwayo ya bar makaminsa mafi kaifi a kube.

Wani zai ce ai adabinmu na gargaɗi ne da faɗakarwa, tilas a nuna wa jama'a nagari da mugu ƙarara. To, lalle gargaɗi yana da kyau. Sai dai babu mai karatun da ke ɗaukar kansa muguwar kishiya, don haka gargaɗin yakan wuce ta bisa kansa. Amma kowane ɗayanmu, ɗalibi ko ma'aikaci, yana iya zama akawun nan gobe da safe. Labarin da ya sa mutum ya tambayi kansa abin da zai yi in shi ne, ya fi mai yi masa wa'azi shiga jiki.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mai alƙalami, kafin ka aika da labarinka ka yi masa tambaya uku. Me tauraronka ya ke so? Me ya hana shi samu? Me zai rasa in ya samu? In ka kasa amsa ta ukun, ka koma ka sake zama da shi tukuna. Allah ya sa mu dace.