MU KOYI ABIN ZAMANI: Ɗaukar hoton wasan wuta da dare



Ran 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar. Kowace shekara muna bikin wannan rana. A 2018 Damagaram ce ta karɓi baƙin ƙasa duka. A manyan bukukuwa akan harba wasan wuta sama da dare. Mutum ya taso daga Kwaya ko Dungas, ya ɗaga salula ya ɗauka. Ya komo gida, ya buɗe, sai baƙi ƙirin. Me ya sa?

Abin ɗaukar hoto kamar ido yake. Yana buɗewa, haske ya shiga, ya rufe. Da rana haske ya wadata, ƙiftawa guda ta isa. Da dare haske kaɗan ne. Sai an bar idon a buɗe, sakan 2 zuwa 4. Cikin wannan lokaci wutar tana tafiya, tana barin sawunta a hoton.

Ga yadda ake yi:

1. Kashe fitilar salula. Haskenta ba ya wuce ƴan taku.
2. In salularka tana da wurin da aka rubuta Pro, shiga nan. Sa S a kan 2 ko 4. Sa ISO a kan 100.
3. Kada ka riƙe ta a hannu, hannu yana rawa. Kifa turmi, ka jingina ta da dutse a kai.
4. Sa ta jira sakan 3 kafin ta ɗauka, don taɓawarka kada ta girgiza ta.

Kada ka jira ranar biki. Gwada tun yau a tsakar gida. Ba yaro tocila, ya tsaya gabanka cikin duhu, ya rubuta O ko A a iska. Za ka ga baƙin ya fito a hoto. Ga karatu, ga wasa.

Amma a yi hattara. Da tocila muka ce, ba da bakin wuta ba. Bayan kaka rumbuna cike suke, kara ya bushe, iskar hunturu tana busawa. Tartsatsi guda ya isa ya cinye wahalar damina. Kada a bar yara su harba wuta kusa da rumbu, ko danni, ko garke. Rigakafi ya fi magani.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.