Filin Kimiyya: Hikimar Matse Bayanai A Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zuwa Ushafa, garin maginan tukwane da ke yankin Bwari, wanda shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a 2000, ya ga cewa adon jikin tulu zane ne kaɗan ake ta maimaitawa. Mai son kwatanta tulun ya isa ya faɗi zanen farko, sa'an nan ya ce an sake shi sau kaza.

Irin wannan dabara ce Abraham Lempel da Jacob Ziv, malamai a Technion ta birnin Haifa, suka kawo wa kwamfuta a 1977 da 1978. Ita kwamfuta ba ta san kome ba sai jerin sifiri da ɗaya. A tsarin 1978, takan bi jerin tana yanka shi gutsi-gutsi, duk gutsuren da ba ta taɓa gani ba ta shigar da shi ƙamus, ta ba shi lamba. Da yake kowane sabon gutsure tsoho ne da aka ƙara wa alama guda, lambar tsohon da alamar kurum take rubutawa. Daga aikin mutanen nan biyu aka sami ZIP da GIF da PNG.

To, ga misali. Jerin 010001 yakan yanku zuwa 0, 1, 00, 01. Shi kuwa 000101 zuwa 0, 00, 1, 01. Ƙamus ɗaya, jerawa dabam: watau 'yan gida ɗaya ne. Sharaɗin kawai shi ne 0 ya riga 00 da 01 zuwa, don ɗa ba ya riga ubansa haihuwa. In aka ƙirga, takwas ne ke wannan gida daga cikin jeri 64 masu alama shida. Saboda haka wanda ya san ƙamus ɗin, alama uku sun ishe shi ya ware wanda ake nufi. Gadiel Seroussi ya wallafa nazari a kan waɗannan gidaje a 2006.

Amma ƙidaya tana da gargaɗi. Jeri masu alama goma 1,024 ne, waɗanda suka gaza su tsawo kuwa 1,022 ne gaba ɗaya. Ashe ba dabarar da za ta rage kowane jeri ba tare da asara ba. Wanda aka tallata wa manhaja mai matse kowane irin fayil, ya riƙe kuɗinsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.