Lantarki daga shara: me ya sa kantin zamani ke buƙatar kasuwar gwari

Tun daga Accra har Douala, inda aka buɗe Douala Grand Mall a 2020, manyan rukunan shaguna na ƙara yawa, kuma matsala biyu ke bin kowannensu: kuɗin man janareto idan wuta ta ɗauke, da tulin sharar da ake kwashewa kullum. Shi ya sa masu zanen gine-gine ke tallata dabarar maganin ɗaya da ɗaya, wato a mai da shara wutar lantarki. Dabarar tana aiki, sai dai wuraren da aka gwada ta sun nuna cewa kanti shi kaɗai ba zai iya ba.

A 2014 wani reshen kantin Sainsbury's da ke garin Cannock na Ingila ya koma amfani da lantarkin da ake samu daga ragowar abinci. Ana zuba ragowar a manyan tankuna da iska ba ta shiga, ƙwayoyin halitta su ruɓar da ita, ta fitar da gas mai kamawa da wuta, gas ɗin ya juya injin. Amma sharar reshen ba ta isa ba. Daga rassa da dama ake tattaro ta zuwa masana'antar kamfanin Biffa, sannan waya mai tsawon kilomita 1.5 ta kai wutar kantin.

Lissafin kasuwar kayan gwari ta Bowenpally a birnin Hyderabad na Indiya ya ƙara fito da lamarin. Kimanin tan 10 na ruɓaɓɓen kayan lambu a rana na ba da kusan kilowat-awa 500. Idan aka raba wa awa 24, abin bai wuce kilowat 21 ba. Wannan ya ishi fitilu da wasu rumfuna, amma ba zai ɗauki na'urorin sanyaya babban kanti ba. Ga shi kuma yawancin sharar kantin zamani kwali ne da leda da roba, waɗanda ba sa ruɓewa cikin sauƙi su ba da gas.

Ƙona shara ma ba hanya ce mai sauƙi ba. Habasha ta buɗe masana'antar Reppie a Addis Ababa a 2018, kusa da jujin Koshe da ya rufta a 2017 ya kashe mutum fiye da 100. An tsara ta don ƙona tan 1,400 a rana, amma ta sha fama da tsayawar aiki. Sharar biranen Afirka jiƙaƙƙiya ce, cike da ɓawo da ragowar abinci da ƙasa, kuma abu mai laima ba ya ci da wuta yadda injin ke so.

Misalin da ya fi kusa da yankinmu yana Ashaiman a Ghana, inda masana'antar Safisana ke haɗa sharar kasuwanni da ta mayanka da bayan gida, ta samar da lantarki da taki. Ƙarfinta daga kasuwa yake fitowa, daga hannun masu tumatir da mahauta.

Saboda haka, duk hukumar birnin da za ta ba da izinin gina sabon rukunin shaguna na da abin tambaya tun a takardar zane. Ina wurin raba jiƙaƙƙiyar shara da busasshiya? Da wace kasuwa ko mayanka aka ƙulla yarjejeniyar kawo shara kullum? An rage buƙatar wuta tun farko, kamar ginin Eastgate na Harare da aka buɗe a 1996, wanda tsarin shigar iskarsa ke sanyaya shi?

Akwai kuma batun haƙƙi. Da zarar shara ta zama kuɗi, 'yan bola jari da masu turin baro da suka daɗe suna ci daga gare ta na iya rasa abin yi idan aka miƙa komai ga kamfani guda. Ƙungiyoyin 'yan gwari da na mahauta, inda Hausawa ke da yawa a Kumasi da Yaoundé, su ke riƙe da abin da injinan ke ci. Idan suka shiga tattaunawa kafin a sa hannu a kwangila, za su iya neman wuta mai rahusa ga rumfunansu da ɗakin sanyi na adana kaya.