Jangalin Da Guba Ke Karɓa A Rafukan Kanya

Ya 'yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya yi hutun rani a Kanya ko wani ƙauye na ƙasar Zuru ya san abin da muke nufi. Da zarar rafi ya tsinke ya koma gurbi-gurbi, sai wasu su tuttula masa Gamalin 20, su kwashe kifin da ya taso. Da damina kuwa nan ake wanke tankin feshi. In mun yi magana a ce mana, "Ai ruwa ya tafi da shi, ga kifi nan na iyo."

To, wannan magana ce muka ƙi. Abincin da tarwaɗa ta ci tamkar hatsin rumbu ne: kashi na riƙe rai, kashi na girma, kashi na iri, wato ƙwai. Idan guba ta shiga jikinta ba ta kashe ta ba, hantarta za ta duƙufa wajen narkar da ita, kuma wannan aiki ba kyauta ba ne. Daga ina za a biya? Daga kason girma da na iri. Sai ta tsumbure, ƙwanta ya ragu. Ga shi kuma ƙwarin ruwan da 'ya'yanta ke ci sun riga sun mutu. Ba wanda zai ga gawa, amma bayan 'yan shekaru koma za ta riƙa fitowa fayau, a ce wai albarka ce ta janye!

Sinadarin Gamalin, wato lindan, maƙalewa yake a kitse, na kifi da na mai cin kifi. Tun 2009 Yarjejeniyar Stockholm ta hana amfani da shi a aikin gona.

Kada mu manta da maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum. A 2010 agwagi ne suka fara ɓacewa, ba wanda ya kula, kafin gubar dalma daga haƙar zinariya ta hallaka yara sama da 400.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu, hutun nan mai zuwa ta tura wakilai wurin hakimai da sarakunan ruwa, a kafa tara mai tsanani kan zuba guba a rafi, a kuma haƙa ramin wanke tanki nesa da bakin ruwa. 'Yan sashen kimiyya su ɗebo ruwan su auna, su karanta wa jama'a sakamakon ranar kasuwa, da Hausa da Dakarci.