Dalar Giza Aikin Hannun Ɗan Adam Ce

Sau da yawa idan aka nuna wa ɗalibai hoton babbar dalar Giza ta ƙasar Masar, sai a ji wasu na cewa aljannu ne suka gina ta, wasu kuma su ce halittu ne daga wata duniyar. Wannan magana tana da daɗin ji, amma tana kashe wa yaro sha'awar bincike, kuma tana ƙwace wa mutanen Afirka aikin da suka yi da guminsu. Ya kamata malaman makaranta su yaƙe ta da hujja.

An gina dalar ne don Fir'auna Khufu wajen shekara 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsawonta na asali ya kai mita 146, kowane gefenta kuwa mita 230 ne a ƙasa, kuma an ƙiyasta cewa duwatsu miliyan 2.3 aka jera. Yawancinsu a nan kusa aka fasa su. Farin dutsen da aka lulluɓe ta da shi daga Tura aka kawo, a tsallaken kogin Nilu. A shekarar 2013 aka gano wasu takardu a Wadi al-Jarf, inda wani shugaban ma'aikata mai suna Merer ya rubuta yadda ayarinsa ke jigilar wannan dutse a jiragen ruwa zuwa Giza. A kan tudu kuma jan duwatsun ake yi bisa katako. Binciken da aka yi a Jami'ar Amsterdam a 2014 ya nuna cewa jiƙa rairayi daidai gwargwado yana rage ƙarfin da ake buƙata wajen ja da kusan rabi.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ƙasusuwan maginan kansu. A 1990 aka gano kaburburansu kusa da dalar. Ƙashin bayansu ya nuna alamun ɗaukar kaya mai nauyi, wasu kuma an ga karayar da aka ɗora ta warke. An kuma tono unguwar da suka zauna, da wuraren gasa burodi, da tarin ƙasusuwan shanu da tumakin da suka ci.

Bugu da ƙari, gwanintar ba a dare ɗaya ta samu ba. Imhotep ya fara da dala mai hawa shida a Sakkara. Daga baya maginan Sneferu, mahaifin Khufu, suka soma wata a Dahshur da miƙewar digiri 54, sai tilas ta sa suka rage zuwa 43 a tsakiyar aiki, shi ya sa ta fito a tanƙware har yau. Da koyo akan iya, kuma wannan kuskure shi ya share fagen Giza.

To, me ya hana ta rushewa? Siffarta ce. Mafi yawan nauyinta yana ƙasa, kowane sahu na zaune ne a kan wanda ya fi shi faɗi, kamar yadda leburorin Kano suka riƙa jera buhuna a dalar gyaɗa a da. An kafa ta a kan fa mai tauri da aka daidaita sosai, ga kuma ƙarancin ruwan sama a hamada. Girgizar ƙasa ta 1303 ta kwance farin rufinta, aka kwashe shi zuwa gine-ginen Alƙahira, amma jikin dalar bai gusa ba.

Saboda haka, malamin da ɗalibi ya tambaya game da dala, ya fitar da shi fili ya tara rairayi su auna kusurwarsa, ya jiƙa wani su ja dutse a kai su gwada. Ɗalibin da ya ga haka da idonsa zai gane cewa da lissafi da tsari da haƙuri aka yi wannan aiki, kuma duka ukun ana koyonsu a aji.