Ranar 15 ga Agusta da darajar gangar jiki

Kowace 15 ga Agusta ofisoshin gwamnati kan kasance a rufe a Italiya da Faransa da Poland, haka ma a maƙwabciyarmu Kamaru, domin 'yan Katolika na bikin ɗaukar Maryamu mahaifiyar Yesu zuwa sama. Bikin ya kwana biyu, don tun wajajen shekara ta 600 ake yin sa a wannan rana a daular Rumawan Gabas, amma sai 1 ga Nuwamba 1950 Fafaroma Pius na 12 ya mai da shi aƙidar da ta wajaba a kan kowane ɗan Katolika. Ya ce da rai da jiki aka ɗauke ta, kuma a ganina jikin nan ne kan maganar. Shekara biyar kacal da gama Yaƙin Duniya na Biyu, wanda a cikinsa aka riƙa cusa gawarwaki cikin tanda a sansanonin 'yan Nazi, Coci ta fito ta ce naman ɗan Adam da ƙashinsa suna da makoma a wurin Allah.

'Yan Furotesta na da hujja mai ƙarfi, cewa babu ayar Littafi Mai Tsarki da ta ba da wannan labari. Gaskiya ne, kuma Katolika ba su musa ba, sun dogara ne da abin da Coci ta gada tun da daɗewa. Suna tunatar da cewa littafin da kansa ya ce an ɗauke Anuhu da Iliya. Akwai kuma wani abin lura: Kiristocin zamanin da sun yi ta rige-rigen mallakar ƙasusuwan waliyyai, har Roma na alfahari da na Manzo Bitrus, amma babu birnin da aka san shi da ƙasusuwan Maryamu. Kabarin da ake danganta mata a gindin Dutsen Zaitun a Ƙudus ma wayam yake. Wannan ba zai gamsar da mai neman aya ba, sai dai yana nuna cewa ba jiya aka ƙirƙiro maganar ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa rai ne mutum, jiki kuwa riga ce da za a tuɓe. Manzo Bulus ya amsa wannan a babi na 15 na wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, da misalin irin da ake binnewa ya tsiro da wata siffa. Musulmi bai yarda da ɗaukar Maryamu ba, amma wannan ɓangaren ba baƙo ba ne a gare shi, tunda ya yi imani gaɓoɓi za su ba da shaida ranar ƙiyama. Hannun da ya yi sadaka ko ya yi zalunci, ai da shi aka yi aikin, ta yaya za a yi hisabi babu shi? Shi ya sa, ko da yake Coci ta halatta ƙona gawa tun 1963, a 2016 fadar Fafaroma ta hana a watsa tokar a teku ko a iska, ta ce a ajiye ta a maƙabarta ko wani wuri mai tsarki.